Ingila Ta Rage 'Yan Sanda 21,000, Ta Sake Ɗaukar 20,000: Me Ya Hana Giɓin Cikewa?

A shekarar 2015, a yankin Leicestershire da ke tsakiyar Ingila, 'yan sanda sun yi wata uku suna wani gwaji da jama'a ba su sami labarinsa ba sai da aka gama. Idan ɓarawo ya yi yunƙurin fasa gida bai samu shiga ba, ma'aikatan da ke ɗaukar zanen yatsa da sawun takalmi za su zo ne kawai in lambar gidan tana rabuwa biyu cif, wato 2 ko 4 ko 6. Wanda gidansa ke lamba 3 ko 5, ba za su taka ƙofarsa ba. Da jaridu suka bankaɗo maganar, rundunar ta ce tana auna ne ko zuwan yana da amfanin da ya kai kuɗin da yake ci. Mutanen gari kuwa abin da suka fahimta shi ne, tsaron da suke biya wa haraji ya daina isar kowa, har an fara zaɓen wanda za a je wa.

A wannan shekarar dai Sara Thornton, shugabar majalisar shugabannin rundunonin 'yan sanda ta ƙasa, ta faɗa wa BBC cewa kada jama'a su sa rai lallai ɗan sanda zai zo gida duk lokacin da aka yi musu sata. Wannan magana ta fito ne a ƙasar da Robert Peel ya kafa rundunar Landan tun 1829, ƙasar da take alfahari da ɗan sandan da ke zagaya unguwa a ƙafa babu bindiga, ya san kowa kowa ya san shi. Shekara biyar kacal da fara tsuke bakin aljihu, ga inda aka kai.

Yadda aka yanke shawarar

Tushen abin rikicin bankuna ne na 2008. Gwamnatin Birtaniya ta zuba maƙudan kuɗi ta ceto manyan bankuna, haraji ya ragu, giɓin kasafin kuɗi ya haura fam biliyan 150 a shekara. Da aka yi zaɓen Mayu 2010, David Cameron na jam'iyyar Conservative ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa da Nick Clegg, ya ba George Osborne ma'aikatar kuɗi, ya ba Theresa May ma'aikatar harkokin cikin gida, wadda 'yan sanda ke ƙarƙashinta. A watan Oktoba na shekarar Osborne ya sanar da cewa kuɗin da gwamnatin tsakiya ke ba rundunoni 43 na Ingila da Wales zai ragu da kashi 20 cikin 100 a cikin shekara huɗu.

Wata uku kafin nan, hukumar da ke sa ido kan ayyukan 'yan sanda ta riga ta yi nata lissafin. Ta ce idan aka sake tsarin aiki za a iya rage kashi 12 cikin 100 ba tare da jama'a sun ji a jikinsu ba, amma abin da ya wuce haka zai taɓa waɗanda ke bakin aiki. Gwamnati ta ji, ta zaɓi 20. Hujjarta ita ce akwai ɓarna da yawan cike takardu a cikin rundunonin, kuma abin dubawa shi ne yadda ake amfani da jami'ai, ba yawansu ba. Akwai gaskiya a cikin wannan hujja. Sai dai kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin kowace runduna albashi ne. Duk wanda ya yanke kashi ɗaya cikin biyar na irin wannan kasafi ya san mutane yake yankewa, ko da bai furta ba.

A dokar Ingila ɗan sanda ba ma'aikacin kwantiragi ba ne, mai riƙe da muƙamin Sarauniya ne ko Sarki, don haka ba a sallamarsa da sunan rage ma'aikata. Shugabannin rundunoni sai suka bi hanya biyu. Suka rufe ƙofar ɗaukar kurata, wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa. Wasu kuma suka zaro wata tsohuwar ƙa'ida mai lamba A19, wadda ta ba su ikon tilasta wa duk wanda ya cika shekara 30 yana aiki ya ajiye kaki. Ta haka aka toshe shigowar sabon jini, aka kuma kori waɗanda suka fi kowa sanin aikin, duk a lokaci guda. An daskarar da ƙarin albashi na shekara biyu, sannan bisa shawarar Tom Winsor, wanda gwamnati ta sa ya duba tsarin biyan 'yan sanda, aka sauke albashin sabon kurtu zuwa fam 19,000 a shekara.

Tun 1919 doka ta haramta wa 'yan sandan Birtaniya yajin aiki. Abin da ya rage musu shi ne tattaki a ranar hutunsu, kuma sun yi. Ranar 10 ga Mayu 2012 dubban jami'ai suka ratsa titunan Landan, ƙungiyarsu ta Police Federation ta ce sun haura 30,000. Mutum 16,000 daga cikinsu sun sa baƙar hula, kowace hula tana wakiltar jami'i ɗaya da ake hasashen za a rasa. Hasashen ya gaza abin da ya faru. A watan Maris 2010 Ingila da Wales suna da 'yan sanda kimanin 143,700. A Maris 2018 sun koma kimanin 122,400, adadin da ba a ga ƙarancinsa ba tun 1981.

Talaka ya fi jin zafin

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ragin bai sauka daidai a kan kowa ba. Rundunar 'yan sanda a Ingila tana shan nono biyu: kason gwamnatin tsakiya, da wani ƙari da ake ɗorawa a kan harajin gidaje na ƙaramar hukuma. Inda gidaje ke da tsada, ƙarin yana kawo kuɗi sosai. Surrey, yankin masu hali da ke kudu da Landan, yana samun fiye da rabin kuɗin 'yan sandansa daga harajin gidaje. West Midlands, inda birnin Birmingham yake, da Northumbria a arewa maso gabas, sun dogara ne kusan kacokan a kan gwamnatin tsakiya. Da aka yanke kaso iri ɗaya daga kason kowa, Surrey ta ɗan girgiza ta tsaya, yawan jami'anta bai wani sauya ba. West Midlands ta rasa jami'ai sama da 2,000. Northumbria ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nata.

Wato inda talauci ya fi katutu, inda laifi ya fi yawa, can aka fi kwashe 'yan sanda. Gwamnati ta san ma'aunin rabon kuɗin ya tsufa. A 2015 ta yi yunƙurin gyara shi, sai aka gano ma'aikatar cikin gida ta yi kuskure a lissafin da ta aika wa rundunoni, ministan 'yan sanda na lokacin, Mike Penning, ya nemi afuwa a majalisa, aka jingine gyaran. A watan Satumba 2018 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya fitar da rahoto mai zafi. Ya ce kason gwamnatin tsakiya ya ragu da kashi 30 cikin 100 tun 2010 in an cire hauhawar farashi, jimillar kuɗin rundunoni kuma ta ragu da kashi 19, kuma ma'aikatar cikin gida ba ta da cikakkiyar masaniya ko rundunonin za su iya ci gaba da tsayuwa da ƙafarsu. A ganina wannan shi ne laifi mafi girma a duk lamarin. Gwamnati tana da ikon rage kuɗi idan aljihu ya yi ƙasa, amma wajibinta ne ta bi sawu ta ga abin da ragin yake haifarwa.

Waɗanda suka ɓace daga unguwa

Shugaban runduna da aka rage wa kuɗi ba zai daina amsa kiran gaggawa na 999 ba. Ba zai ƙi zuwa inda aka yi kisa ba. Abin da zai iya ragewa ba tare da an yi ihu gobe da safe ba shi ne aikin da ba a ganin amfaninsa nan take, kuma a sahun gaba akwai ɗan sandan unguwa. Shi ne wanda ke tsayawa a ƙofar makaranta lokacin tashi, ya leƙa shagon mai kayan masarufi, ya zauna da limami da fasto, ya san yaron da ya fara bin miyagun abokai tun kafin ya ɗauki wuƙa. Babu takardar da za ta nuna faɗan da ya kashe kafin ya tashi, don haka a teburin masu lissafi aikinsa ba shi da lamba.

Tun 2002 ake da wasu mataimakan 'yan sanda masu kaki waɗanda ba su da cikakken ikon kama mutum, aikinsu sintiri a ƙafa da sauraren jama'a. A 2010 sun kusa 17,000. Zuwa 2018 sun dawo wajen 10,000. Su ba su da kariyar da doka ta ba cikakken ɗan sanda, don haka sallamarsu ba ta da wuya. Haka ma ma'aikatan farar hula, masu amsa waya, masu tace bayanai, masu shirya fayil ɗin kotu: an rage fiye da 15,000. Aikinsu bai tafi tare da su ba. Sai aka janyo ɗan sandan da aka horar don titi aka zaunar da shi a gaban kwamfuta.

Ofisoshin 'yan sanda ma suka bi sahu. A faɗin ƙasar an rufe ɗaruruwa, aka sayar da wasu aka mayar da su gidajen haya da otal. A Landan, lokacin da Boris Johnson yake magajin gari, an rage wuraren da mutum zai shiga ya kai ƙara daga 136 zuwa 73 a 2013. Magajinsa Sadiq Khan ya sake rufe kusan rabin abin da ya saura a 2017. Hatta hedikwatar rundunar, ginin New Scotland Yard da duniya ta sani, an sayar da shi a 2014 ga masu zuba jari daga Abu Dhabi a kan fam miliyan 370. Matashi mai waya a hannu zai kai ƙara ta intanet. Tsohuwar da ba ta iya ba, ko matar da mijinta ke dukanta yana kuma bincika wayarta, ƙofar da za ta tura ta shiga ita ce ta yi nisa.

A watan Mayu 2015 Theresa May ta je taron shekara na Police Federation a Bournemouth. Wani sufeto daga Manchester, wanda aka taɓa karramawa saboda aikin unguwa, ya miƙe ya gaya mata cewa aikin unguwa ya durƙushe, bayanan sirri da jama'a ke kawowa sun ƙafe, kuma hakan barazana ce ga tsaron ƙasa. A jawabinta ta zargi ƙungiyar da kururuwar ƙarya da tsoratar da jama'a, ta ce kowace shekara haka suke yi amma laifi sai raguwa yake. Wata shida bayan haka 'yan ta'adda suka kashe mutum 130 a birnin Paris. Kwana 12 bayan harin, Osborne, wanda ake jiran ya sanar da wani sabon ragi, ya ce ba za a ƙara taɓa kuɗin 'yan sanda ba.

Sai 2017 ta zo da hare-hare a jere: gadar Westminster a watan Maris, inda aka kashe ɗan sanda Keith Palmer a ƙofar majalisa, zauren wasanni na Manchester ranar 22 ga Mayu, inda mutum 22 suka mutu, da yawansu yara da matasa, gadar Landan ranar 3 ga Yuni, sai kusa da masallacin Finsbury Park, inda wani ya bi ta kan masallata da mota a cikin watan azumi. Bayan harin Manchester sai da aka fito da sojoji su yi gadin muhimman wurare don a sami 'yan sanda masu bindiga da za a tura wasu wuraren, domin su ma an rage su da fiye da 1,000 tun 2010. May ta riga ta zama firaminista, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, aka yi ta maimaita mata hoton sufeton nan. Adalci dai a faɗa: kwamitin da ya binciki harin Manchester ya nuna yatsa ne ga damar da hukumar leƙen asiri ta MI5 ta bari ta kuɓuce, da sakacin tsaro a zauren, da jinkirin masu kai ɗauki. Ba za a ce ragin kuɗi ne ya tayar da bam ɗin ba. Amma daga wannan shekarar babu ɗan siyasar da ya ƙara samun saukin cewa yawan 'yan sanda ba shi da muhimmanci.

Shin laifi ya ƙaru?

Nan ne gardama ta fi zafi, kuma kowane ɓangare yana da alƙaluman da zai ɗaga. Ingila tana auna laifi ta hanya biyu. Akwai abin da 'yan sanda suka rubuta, akwai kuma binciken gida-gida da ake tambayar dubban mutane abin da ya same su a shekara, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba. Wannan na biyun ya nuna laifi yana raguwa tun tsakiyar shekarun 1990, kuma ya ci gaba da raguwa bayan 2010. Fasa gida da satar mota sun yi ƙasa, galibi saboda makullai da na'urorin tsaro sun inganta. Da wannan May take kafa hujja, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Sai dai binciken gida-gida ba ya kama laifin da ba shi da yawa amma yake da muni. Daga 2014 sara da suka da wuƙa suka fara hawa. A shekarar da ta ƙare a Maris 2018 an kashe mutum 285 da wuƙa ko wani abu mai kaifi, adadi mafi yawa tun da aka fara ajiye lissafin a 1946. A watan Afrilu na shekarar wata takardar sirri ta ma'aikatar cikin gida ta fita, inda jami'anta da kansu suka rubuta cewa da alama ƙarancin 'yan sanda ya taimaka wajen ƙaruwar munanan laifuka. Ministar lokacin, Amber Rudd, ta ce ba ta ga takardar ba. A Maris 2019 May ta nace cewa babu alaƙa kai tsaye tsakanin yawan jami'ai da irin wannan laifi. Washegari shugabar rundunar Landan, Cressida Dick, ta fito ta ce akwai alaƙa.

Masana sun daɗe da auna wannan tambaya. Bayan hare-haren ta'addanci da aka kai Landan ranar 7 ga Yuli 2005 an cika tsakiyar birnin da 'yan sanda na mako shida, an ƙara sintiri da kusan kashi ɗaya cikin uku a wasu ƙananan hukumomi. Masana tattalin arziki uku, Mirko Draca da Stephen Machin da Robert Witt, sun bi alƙaluman suka ga laifukan titi irin su ƙwace da sata sun faɗi da kimanin kashi 10 cikin 100 a wuraren, kuma da aka janye jami'an sai suka koma yadda suke. Ganin kaki a titi yana hana ɓarna. Amma wuƙar da ke hannun yaro ɗan shekara 15 tana da wasu dalilan: kasuwar hodar ibilis da ta bunƙasa, gungun dillalai da ke tura yara daga manyan birane su kai ƙwaya ƙananan garuruwa, korar ɗalibai daga makaranta, da rufe cibiyoyin matasa, waɗanda ƙungiyar YMCA ta ce an rage kuɗinsu da kusan kashi 70 cikin 100 a cikin shekara goma.

Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi, domin ba 'yan sanda kaɗai aka tsuke wa aljihu ba. An rage kuɗin ƙananan hukumomi, da na masu kula da marasa galihu, gadajen masu taɓin hankali a asibitoci suka yi ƙaranci. Ofisoshin nan suna rufewa da yamma, 'yan sanda kuwa ba sa rufewa. Duk wanda ya rasa inda zai kira da tsakar dare, 999 zai buga. A 2018 hukumar sa ido ta ruwaito cewa a Landan kowane minti huɗu ana kiran 'yan sanda a kan wanda ke fama da matsalar ƙwaƙwalwa. Jami'ai biyu za su kwashe rabin dare a ɗakin jira na asibiti suna gadin mara lafiya, motarsu tana ajiye a waje, unguwarsu babu kowa. Rundunar da ta ƙanƙance ita ce kuma aka jibga wa kayan wasu.

Inda ɓarnar ta fi fitowa fili shi ne abin da ke biyo bayan kai ƙara. A shekarar da ta ƙare a Maris 2015, cikin kowane laifi 100 da aka rubuta, kusan 16 suna kaiwa ga gurfanar da wani. Zuwa 2019 sun koma ƙasa da 8, zuwa 2022 ƙasa da 6. Wani ɓangare na faɗuwar ya samo asali ne daga matsa wa rundunoni da aka yi su riƙa rubuta duk ƙarar da aka kawo, amma wannan bai isa ya bayyana ta duka ba. Tun Maris 2017 hukumar sa ido ta kira ƙarancin 'yan sandan ciki da rikici na ƙasa baki ɗaya, ta ce wasu rundunoni suna sassauta darajar kiran gaggawa don su sami uzurin jinkiri, ana kuma danƙa manyan bincike ga waɗanda ba su ƙware ba. A ɓangaren fyaɗe abin ya kai ƙasa da ƙara 2 cikin 100 ke kaiwa ga tuhuma. A 2021 ministan shari'a Robert Buckland ya nemi gafarar matan da aka yi wa haka, ya kuma amsa cewa ragin kuɗi yana cikin dalilan. Ga shi an rufe hukumar binciken kimiyya ta gwamnati tun 2012, an kuma rufe kusan rabin kotunan majistare.

Lamba ta dawo

Da Boris Johnson ya zama firaminista a Yuli 2019, cikin alƙawuransa na farko akwai ɗaukar sabbin 'yan sanda 20,000 a cikin shekara uku, kusan daidai da adadin da jam'iyyarsa ta rage. An cika alƙawarin. A ƙarshen Maris 2023 gwamnati ta sanar da ƙarin jami'ai 20,951, jimilla ta kai 149,572, ta ce ba a taɓa samun yawa haka ba. Rundunar Landan ce kaɗai ta kasa cika kasonta.

To me ya sa mutumin gari bai ji sauyi ba? Na farko, jama'ar Ingila da Wales sun ƙaru da fiye da miliyan 4 tun 2010, don haka in aka raba, kowane ɗan sanda yana da mutane fiye da na da. Na biyu, kuɗin na ɗaukar masu kaki ne kawai. Mataimakan unguwa da ma'aikatan farar hula ba a mayar da su ba. Gwamnati ta kuma sa sharaɗi cewa rundunar da ta bar yawan jami'anta ya sauka za ta rasa wani kaso na kuɗinta. A lokacin, idan aljihu ya matse, shugaban runduna ba shi da zaɓi sai ya bar gurbin farar hula a buɗe ya zaunar da ɗan sanda a wurin, alhali albashin ɗan sandan ya fi tsada. Shugabannin rundunoni da kansu sun ce dubban jami'ai suna zaune a irin waɗannan kujeru.

Na uku shi ne wanda kuɗi ba ya saya da gaggawa. Wanda aka tilasta wa ritaya a 2011 ya tafi da shekara 30 na sanin mutane: yadda ake yi wa wanda ake zargi tambaya har ya saki baki, yadda ake kwantar da hankalin mai shaida, yadda ake haɗa fayil ɗin da lauya ba zai yaga a kotu ba. Wanda ya maye gurbinsa a 2021 yaro ne da wataƙila ya yi wani ɓangare na horonsa ta intanet a lokacin annobar korona. Zuwa 2023 kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan sandan ƙasar ba su cika shekara biyar a aiki ba. A wasu wuraren mai shekara biyu ne ke koya wa mai wata shida. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙwararren mai bincike yana ɗaukar shekaru kafin ya nuna. Da yawa daga sababbin ma ba sa zama: masu ajiye aiki da kansu sun haura 4,500 a shekara guda, adadin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin.

Gaggawar ɗaukar ma'aikata ta zo da nata haɗarin. A Nuwamba 2022 hukumar sa ido ta ce akwai ɗaruruwa, wataƙila dubbai, na jami'an da bai kamata su tsallake tantancewa ba. A Maris 2023 Louise Casey ta fitar da rahotonta a kan rundunar Landan, wanda aka sa ta yi bayan wani ɗan sanda mai ci, Wayne Couzens, ya sace Sarah Everard ya yi mata fyaɗe ya kashe ta a 2021. Ta sami wariyar launin fata da ƙasƙantar da mata da suka yi jijiya a rundunar, kuma waɗannan ba rashin kuɗi ya kawo su ba, kada wani ya laɓe a bayan kasafi. Amma ta kuma nuna yadda tsuke bakin aljihu ya kwashe fam miliyan ɗaruruwa daga rundunar, shugabanni suka kare manyan sassa na musamman suka bar ofisoshin unguwa da masu binciken cin zarafin mata da yara suka ɗauki nauyin. Ta ba da labarin firji da aka cusa wa samfurin shaidar fyaɗe har ƙofa ba ta rufuwa, wani ya lalace a lokacin zafi aka zubar da abin da ke ciki, ƙararraki suka mutu. Hukuncinta shi ne Landan ba ta da aikin 'yan sandan unguwa mai aiki.

A Oktoba 2022 shugabannin rundunoni suka yi alƙawarin cewa daga yanzu za a je duk gidan da aka fasa. A 2023 rundunar Landan ta bi sawun ta Humberside ta daina amsa kiran matsalar ƙwaƙwalwa sai in rai yana cikin haɗari. Gwamnatin Labour ta Keir Starmer, wadda ta hau a Yuli 2024, ta yi alƙawarin ƙara mutum 13,000 a aikin unguwa, a daidai lokacin da satar kaya a kantuna ta haura 500,000 a shekara, kuma shari'o'in da ke jiran manyan kotuna suka wuce 70,000. Alƙawari ne mai kyau, kuma ya nufi inda ciwon yake. Sai dai har yanzu da lamba ake magana, domin lamba ce ke shiga takardar kamfe, ma'aunin rabon kuɗin da ya cuci West Midlands da Northumbria kuwa yana nan yadda yake.

A watan Afrilu 2025 rundunar Landan, ƙarƙashin shugabanta Mark Rowley, ta sanar da cewa tana da giɓin fam miliyan 260, kuma za ta rasa jami'ai da mataimaka da ma'aikata 1,700. Cikin abin da za a taɓa akwai masu binciken kimiyya, da 'yan sandan doki, da masu karnuka. An rushe rukunin da ke tsaron manyan lambunan birnin. An kuma janye jami'an da aka girke a makarantun sakandare, a birnin da aka kashe matasa 30 a shekarar 2021 kaɗai.